Yawon Shaƙatawa A Kan Ruwa Tare Da Aboki: Daga Tekun Karibiyan Zuwa Madatsar Wasai

Duk mai riƙe da wayar hannu a zamanin nan ya taɓa cin karo da hoton wani farin jirgin ruwa, dogo kamar unguwa guda, yana tsaye a bakin wani tsibiri mai itatuwan kwakwa da farin yashi. A ƙarƙashin hoton akan rubuta farashi da dala, a ce ka zo da abokinka ku yi kwana bakwai kuna ci, kuna sha, kuna kallon teku. Matasanmu suna tura wa juna irin waɗannan hotuna, waɗansu domin nishaɗi kawai, waɗansu kuwa har sun fara lissafin abin da za su sayar.

Tun da yake hutun Kirsimati da na sabuwar shekara shi ne lokacin da 'yan'uwa suka fi yin tafiye-tafiye, ya kamata mu zauna mu dubi wannan al'amari a tsanake. Mene ne wannan yawo? Nawa yake ci? Wane irin aboki ne ya dace da shi? Akwai kuma irinsa a nan kusa da gida? Amsar tambaya ta ƙarshe za ta kai mu Ƙaramar Hukumar Minjibir a Jihar Kano, inda akwai ruwa, akwai kwalekwale, akwai kuma abubuwan da dole mai ziyara ya sani kafin ya sa ƙafa.

Gari Ne A Kan Ruwa

Jirgin yawon shaƙatawa ba domin kai mutum wani gari aka ƙera shi ba. Yakan tashi daga tasha guda, ya zaga tsibirai uku ko huɗu, sa'an nan ya komo inda ya tashi. Da dare yana tafiya, da safe ya wayi gari a wata sabuwar tasha, fasinjoji su sauka su yi yawo, kafin faɗuwar rana su koma ciki. Babbar cibiyar wannan sana'a ita ce birnin Miyami na Amurka, daga nan jiragen suke nufar tsibiran Bahamas, da Jamaika, da gaɓar Meksiko, da sauran wuraren da ke cikin Tekun Karibiyan.

Domin mai karatu ya gane girman abin, bari mu ɗauki jirgin nan mai suna Icon of the Seas, wanda ya fara ɗaukar fasinjoji daga Miyami a watan Janairu na 2024. Tsawonsa ya kai wajen mita 365, yana da hawa 20, yana iya ɗaukar fasinjoji har 7,600, ban da ma'aikata fiye da 2,300. Watau idan ya cika, mutanen da ke cikinsa sun tasam ma 10,000. Ƙauyuka da yawa a ƙasar Kano ba su kai wannan yawan jama'a ba. A ciki akwai ɗakunan kwana, da wuraren cin abinci, da kantuna, da tafkunan wanka, da ɗakin shan magani, akwai kuma mashaya da gidan caca.

Nahiyarmu ma tana da nata. Kamfanin MSC yakan kawo jirginsa gaɓar Afirka ta Kudu daga wajen watan Nuwamba zuwa farkon sabuwar shekara da ɗan abin da ya biyo baya, ya riƙa tashi daga Durban zuwa tsibiran Mozambik. A Masar kuwa akwai ƙananan jirage masu ɗakunan kwana da ke bin Kogin Nilu tsakanin Luksor da Aswan, tafiyar kwana uku ko huɗu. 'Yan'uwan da suka je ziyara Isra'ila, yawancinsu sun ɗanɗana ɗan irin wannan a kan Tekun Galili, inda akan zaga da masu ziyara cikin jirgin katako na ɗan lokaci.

Kakanninmu Ma Sun Hau

Kada a ɗauka cewa doguwar tafiya a kan teku baƙon abu ne gare mu. Kafin jirgin sama ya zama ruwan dare, ɗalibai da ma'aikatan gwamnati da 'yan kasuwa daga Arewa sukan hau jirgin ƙasa daga Kano zuwa Ikko, daga tashar Apapa kuma su shiga jirgin ruwan kamfanin Elder Dempster zuwa Ingila. Wanda ya fi suna a cikin jiragen nan shi ne Aureol, wanda aka ƙera a Gilasgo, ya fara zirga-zirga a 1951. Sunan wani dutse ne da ke birnin Firitawun na Saliyo aka sa masa. Tafiya daga Ikko zuwa Libaful takan ɗauki wajen mako biyu, ana yada zango a gaɓar Gana, da Firitawun, da Las Falmas. A 1974 ya yi tafiyarsa ta ƙarshe tsakanin Ikko da Ingila, gama jirgin sama ya riga ya janye fasinjoji.

Bambancin shi ne, mutanen wancan zamani suna da inda za su: karatu, ko aiki, ko fatauci. Zaman jirgin hanya ce kawai. Yau kuwa zaman jirgin shi ne hajar da ake sayarwa. Wanda zai sayi haja kuwa, wajibi ne ya san ainihin kuɗinta.

Lissafin Kuɗi Da Takardu

Farashin da ake rubutawa a talla ba shi ne dukan abin da za a biya ba. Kuɗin mako guda yakan kama daga dala ɗaruruwa zuwa sama da dala 1,000 ga mutum ɗaya, gwargwadon jirgin da irin ɗakin da lokacin shekara. Wannan ya ƙunshi ɗaki da abinci na yau da kullum. A kansa za a ɗora tukuicin ma'aikata wanda akan yanka kowace rana, da kuɗin lemo da sauran abin sha, da kuɗin intanet, da kuɗin zagayen da akan shirya a kowace tasha. Ganin likita a cikin jirgi ma da kuɗi ne, mai tsada kuwa, saboda haka ana bukatar inshorar tafiya. Duk wannan ban da kuɗin jirgin sama daga Nijeriya zuwa inda jirgin ruwan yake, da kuɗin masauki na aƙalla dare ɗaya, gama wanda ya makara jirgi ba ya jiransa, kuɗinsa kuma ba ya komowa.

Sai maganar takardu. Mai fasfon Nijeriya da ke so ya hau jirgi a Miyami dole ya sami bizar Amurka tukuna. Tun daga 2023 kuɗin neman bizar ziyara dala 185 ne, ba a mayar da shi ko an hana ka. A canjin kuɗi na 2025, wannan kaɗai ya fi albashin wata uku na ma'aikacin da ke kan mafi ƙarancin albashi na Naira 70,000 da aka amince da shi a 2024. Har ila yau, a watan Yuli na 2025 Amurka ta mayar da yawancin bizar ziyara da take ba 'yan Nijeriya ta zama ta wata uku, ta shiga sau ɗaya tak, bayan haka ma an ƙara tsaurara sharuɗɗa. Wannan babban abin lura ne, domin jirgin da ya bar Miyami ya taɓa wata ƙasa ya komo, fasinjansa ya sake shiga Amurka ke nan. Wasu tsibiran kuma suna da tasu bizar, wasu ƙasashen suna neman katin allurar shawara. Saboda haka kada kowa ya biya kuɗin jirgi kafin ya ji daga bakin ofishin jakadancin da abin ya shafa.

A nan ne macuta suke samun ƙofa. Wani zai buɗe shafi a Facebook ko WhatsApp, ya sa hoton jirgi, ya ce ya rage rabin kuɗi amma sai an biya yau. Wani kuma ya ce zai sama wa yaro aiki a jirgin, a kawo kuɗin fom. Duk wanda ya matsa maka ka tura kuɗi cikin gaggawa zuwa asusun wani mutum, alhali ba ka ga ofishinsa ba, ba ka ga takardar kamfanin jirgin da sunanka a kai ba, to ka riƙe kuɗinka. Kwaɗayi mabuɗin wahala.

A kuma lura da lokaci. Daga 1 ga Yuni zuwa 30 ga Nuwamba shi ne zamanin guguwar teku a yankin Karibiyan. Farashi yakan sauka a lokacin, amma kyaftin yana da iko ya sauya hanya ko ya tsallake tsibirin da aka yi alkawari, ba kuwa wanda zai ja da shi.

Me Ya Sa Ake Cewa Ka Zo Da Aboki?

Ba domin ƙaunar zumunci kamfanonin suke faɗin haka ba. Ana yanka farashin ne a kan cewa mutum biyu za su kwana a ɗaki ɗaya. Wanda ya zo shi kaɗai, sau da yawa sai ya biya kusan kuɗin mutum biyu. Shi ya sa wanda ba shi da aure, ko wanda iyalinsa ba za su sami zuwa ba, yakan nemi aboki su raba ɗaki.

To, a nan ne gizo yake saƙa. Ɗakin jirgi, musamman mai araha, ƙarami ne ƙwarai, wani ko taga ba shi da ita. Abokin da kuke gaisawa a bakin majami'a ran Lahadi, ko kuke shan shayi tare da yamma, ba lallai ne ku iya kwana bakwai a ɗaki irin wannan ba tare da an ji kanku ba. Wani mai sammako ne, wani mai hirar dare. Wani mai tattali ne, wani hannunsa a sake yake. A cikin jirgi ba a cika taɓa tsabar kuɗi ba: kati ake ba kowa, duk abin da ya saya a rubuta, a ƙarshen tafiya a kawo lissafi. Idan abokai biyu suka haɗa katunansu a kan asusu ɗaya, ɗaya kuwa ya faɗa mashaya ko gidan caca, ranar sauka za a yi abin kunya, wataƙila abotar shekara 20 ta mutu a nan.

Saboda haka masu hankali sukan gama magana tun a gida. Nawa kowa zai kawo? Wa zai riƙe kuɗin haɗaka? Idan ɗaya ya sami biza ɗaya bai samu ba, yaya za a yi da abin da aka riga aka biya? Idan ɗaya ya yi rashin lafiya a wata tasha, ɗayan zai tsaya da shi ko zai bi jirgi? Wannan ba rashin yarda ba ne. A rubuta shi a takarda, wani dattijo ya shaida, kowa ya riƙe tasa. Ba a fafe gora ranar tafiya.

Mai iyali kuma ya tuna da gida. Bai kamata magidanci ya ci bashi, ko ya jinginar da gona, ko ya taɓa kuɗin makarantar yara domin hutun mako guda ba. Bai kamata kuma matarsa ta ji labarin tafiyar a bakin maƙwabta ba. Gida bai ƙoshi ba, ba a kai wa dawa. Hutun da zai bar mutum da bashin shekara biyu, gajiya ya ƙara masa.

Namu Na Gida: Madatsar Wasai

Idan lissafin da ke sama ya fi ƙarfin aljihu, kamar yadda ya fi ƙarfin yawancinmu, to ba a rasa ruwan da za a kalla a ƙasar Kano ba. Tun zamanin Gwamna Audu Bako, wanda ya yi mulki daga 1967 zuwa 1975, aka ƙulla shirin tare koguna domin noman rani da ruwan sha. Daga wannan shiri aka sami Tiga, wadda aka gama a 1974, da Bagauda, da Watari a Bagwai, da waɗansu da dama. A cikinsu akwai madatsar Jakara da aka gina a 1976, wadda mutane suka fi sani da Dam ɗin Wasai, a ƙasar Minjibir.

Minjibir tana arewa maso gabas da birnin Kano, tafiyar da ba ta wuce sa'a guda a mota ba. Ƙidayar 2006 ta ba ƙaramar hukumar mutum 213,794. Ƙasa ce ta manoma, gona na manne da gona, ƙauye na hango ƙauye: Wasai, Kunya, Kantama, Kwarkiya, Sarbi, Gandurwawa da sauransu. Da damina gero da dawa da gyaɗa da wake ne ko'ina, a tsakanin itatuwan ɗorawa da kuka da gawo. Garin ya daɗe da yin suna wajen saƙar hannu, har baƙi daga ƙasashen waje sukan zo kallon masaƙa. A shekarun baya-bayan nan an gina wurin shaƙatawa da filin wasan golf mai suna Porto Golf Resort a yankin, abin da ya ƙara jawo hankalin mutanen birni zuwa can.

Abokai biyu da suka yi sammako daga Sabon Gari ko Birget za su iya isa bakin ruwan hantsi bai yi zafi ba. Za su ga masunta suna jefa birgi suna duba koma, su ga tarwaɗa da karfasa a kwando, su ga balbela da zalɓe a gefen ciyawa, su ga masu noman rani suna ban ruwa a fadamun latas da alayyafo da albasa. Idan sun yi sallama da kyau, suka nemi izini ta hannun shugabannin masunta, suka daidaita da mai kwalekwale a kan kuɗi, ana iya zagawa da su kaɗan kusa da gaɓa. Da yamma su biya ta cikin gari su sayi saƙi na tsaraba, su koma gida su kwana a ɗakinsu. Ba biza, ba dala, kuɗin kuma ya shiga hannun talaka ɗan'uwansu.

Baƙo ya tuna cewa wurin neman abincin mutane ne ya zo. Kada a taka shuka, kada a taɓa ragar masunta, kada a ɗauki hoton mata da yara ba da izini ba. Mazauna yankin galibinsu Musulmi ne, saboda haka a yi shiga ta mutunci, a rage sautin kiɗa, musamman lokacin salla. Idan abokin tafiyarka Musulmi ne, kamar yadda yake ga da yawa daga cikinmu da muka tashi unguwa ɗaya da su, ku tsara yawon yadda zai sami lokacin ibadarsa, guzurin kuma ya zama wanda ku biyu za ku sa hannu a ciki.

Ruwan Kallo Ne, Ba Na Wanka Ba

Dole mu faɗi gaskiya game da ruwan Wasai. Kogin Jakara daga tsakiyar birnin Kano yake tasowa. A hanyarsa yana kwashe ruwan kwatami na unguwanni da kasuwanni da na mayanka, sa'an nan rafin Getsi ya haɗu da shi ɗauke da ruwan da ke fitowa daga masana'antun Bompai. Duk wannan a madatsar yake taruwa. Masu bincike daga jami'o'inmu sun sha auna ruwan, sun kuma sha yin gargaɗi a kan ƙazanta da guban ƙarafa da ke cikinsa. Saboda haka mai ziyara ya zo da ruwan shansa daga gida, kada ya sha na dam, kada ya wanke 'ya'yan itace da shi.

Abu na biyu shi ne tsargiya, cutar nan mai sa fitsarin jini, wadda aka tabbatar da ita a garuruwan da ke kewaye da madatsar, musamman a jikin yara 'yan makaranta. Ga yadda take: mai cutar ya yi fitsari a ruwa, ƙwayayen tsutsar su ƙyanƙyashe su shiga jikin wata ƙaramar katantanwa, su girma a can, su fito su bazu cikin ruwan. Duk wanda ya shiga wanka, ko wanki, ko ya tsoma ƙafa kawai, suna iya huda fatarsa su shiga jini ba tare da ya ji komai ba. Sai bayan makonni alamun su bayyana. A dā waɗansu sukan ɗauka cewa fitsarin jini alamar balaga ce ga yaro. Ba haka ba ne, cuta ce, idan an bar ta kuwa takan lalata mafitsara da ƙoda. Maganinta, wanda ake kira praziquantel, yana samuwa a asibiti. Wanda ya shiga irin wannan ruwa ya ga canji a fitsarinsa, ya je a gwada shi, ya gaya wa likita inda ya je. Amma rigakafi ya fi magani: a zauna a cikin kwalekwale, a bar ruwan a waje.

Darasin Bagwai

Ba za a yi maganar hawa ruwa a Jihar Kano ba a manta da ranar 30 ga Nuwamba, 2021. A ranar ce wani jirgin fito ya taso daga ƙauyen Badau zai haye madatsar Watari zuwa Bagwai, ɗauke da mutum fiye da 40, yawancinsu yara ɗaliban Islamiyya da za su bikin Mauludi. Jirgin ya kife, aƙalla mutum 29 suka rasa rayukansu. Abin da hukumomi suka ambata shi ne lodi fiye da kima. Yaran nan kwalliya suka ci, murna suke yi, kamar yadda namu yaran sukan yi idan ƙungiyar matasa ko ta mawaƙa ta shirya fita ranar hutu.

Ba Bagwai kaɗai ba. A watan Mayu na 2021 wani jirgi ya nutse a Kogin Kwara kusa da Wara a Jihar Kebbi da mutane masu yawan gaske. A watan Yuni na 2023, fiye da mutum 100 da ke komowa daga ɗaurin aure da dare suka halaka a yankin Patigi na Jihar Kwara. In ka duba, dalilan kusan iri ɗaya ne kullum: lodi ya yi yawa, tafiyar dare, tsohon jirgi, babu rigar kariya. Hukumar kula da hanyoyin ruwa ta ƙasa, watau NIWA, wadda aka kafa a 1997 take da hedkwata a Lokoja, ta hana tafiyar dare, ta kuma wajabta sa rigar kariya. Amma jami'anta ba za su tsaya a kowace mashiga ba. Fasinja da kansa ne mai gadin ransa.

Kada kuma a zaci manyan jiragen Turawa sun fi ƙarfin hatsari. Ran 13 ga Janairu, 2012, jirgin Costa Concordia, da mutum sama da 4,200 a ciki, ya bugi dutse kusa da tsibirin Jiliyo na Italiya, mutum 32 suka mutu. Daga baya kotu ta ɗaure kyaftin ɗin shekara 16. Fasinjojin da suka shiga a ranar ba a riga an koya musu inda za su taru in hatsari ya auku ba, shi ya sa aka gyara doka, yanzu wajibi ne a yi wannan horo tun wajen tashin jirgi. A watan Fabrairu na 2020 kuma aka tsare jirgin Diamond Princess a tashar Yokohama ta Japan da mutum 3,711, fiye da 700 daga cikinsu suka kamu da cutar korona. Inda jama'a suka cunkushe wuri ɗaya, cuta ba ta wuyar yaɗuwa, ko da wurin ya sha ado.

Kafin A Sa Ƙafa

Ga waɗansu abubuwa da abokai, da shugabannin matasa, da na zumuntar mata za su riƙe, ko Wasai za a je, ko Tiga, ko wata uwa duniya:

1. A tambayi mai jirgi mutum nawa yake ɗauka, a ƙirga da ido. Idan an wuce, a sauka a jira sawu na biyu, ko da za a yi muku dariya.

2. Kowa ya sa rigar kariya, ya ɗaure ta sosai. Inda babu, ƙungiya tana iya haɗa kuɗi ta sayi nata, ta riƙa ajiyewa domin fita ta gaba. Wanda ya iya iyo ma ya sa, gama sau da yawa gwani ne ruwa yake ci.

3. A hau da rana, a sauka kafin la'asar ta yi sanyi. Idan hadari ya haɗo, ko iskar hunturu ta tayar da igiyar ruwa, ko hazo ya rufe gaɓa, a fasa.

4. A dubi jirgin. Idan yana yoyo har ana kwarfe ruwa tun bai tashi ba, ba na hawa ba ne.

5. Ba tsayuwa, ba sauya wuri, ba taruwa a gefe ɗaya domin ɗaukar hoto. Kwalekwale ba ya son wasa.

6. Kada a ɗauki yaro ba da sanin iyayensa ba. Kowane yara kaɗan su kasance da babba guda mai lura da su. A rubuta sunayen duk masu tafiya, a bar takardar a hannun wani a gida.

7. Matuƙi ko fasinja, wanda ya sha abin maye kada ya shiga.

Wanda Allah ya hore masa, ya biya bukatun gidansa, takardunsa suka cika, ya sami aboki mai amana, ba laifi ya je ya ga teku, gama tafiya mabuɗin ilimi ce, jiki kuma yana bukatar hutu. Wanda bai kai nan ba kada ya ga kamar an bar shi a baya. Bayan an gama kaka, amfanin gona ya shiga rumbu, ya kira abokinsa su haɗa kuɗin mota da na guzuri, su nufi Minjibir su wuni a bakin ruwa. Zumunta a ƙafa take. Abin da ake nema shi ne a je lafiya, a komo lafiya, ba bashi, ba cuta, abota kuma ta ƙara ƙarfi. Allah ya kiyaye hanya, ya tsare mu a tudu da kan ruwa.